Magnoliyar Alhaji Dabo

Alhaji Dabo ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, kuma sau ɗaya tak ya taɓa zuwa China saro kaya. Kwana tara ya yi a can, shida daga ciki a ɗakin otal yana fama da ciwon ciki, amma shekara bakwai ke nan bai gama ba da labarin tafiyar ba. In ana hirar siyasa a majalisar layinsu da ke Fagge, zai faɗi yadda ake yi a China. In hirar ciwon baya ake, ya ga maganinsa a China. Hamzat tela, maƙwabcinsa na katanga ɗaya kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, yakan ce da Dabo ya cika kwana goma a can, da da rawanin garin ya dawo.

A wata bazara da zafi ya gallabi layin har majalisa ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma, Malam Wali, tsohon hedimasta mai magana a hankali, ya kawo shawarar kowane gida ya dasa bishiya ɗaya da zarar ruwa ya sauka. Ya ce ya samo dashen darbejiya kyauta, kowa ya zo ya ɗauka. Aka amince cewa a ƙarshen damina za a bi gida gida a ga abin da kowa ya raya, kuma a ranar za a zaɓi shugaban kwamitin shuke-shuken layin. Kowa ya ɗauka Malam Wali ne zai zama, ban da mutum ɗaya. Dabo ya daɗe yana jin cewa mutum irinsa, wanda ya ga duniya, bai kamata a ce ba a taɓa kiransa shugaban komai ba.

Ya ɗaga dashen darbejiyar da yatsa biyu, ya mayar.

"Ku dasa, Allah ya raya muku. Ni a gidana magnoliya za a gani."

"Mangwaro dai?" in ji Hamzat.

"Ka ji irinta. Mutum bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba, komai ya ji sai ya ce mangwaro."

Daga nan ya shiga bayani. Furenta fari ne tas, girman faifai, ƙamshinta kuwa in ta buɗe a Fagge sai an ji a tashar jirgin ƙasa. Gaskiyar lamarin ita ce ta tagar mota ya taɓa hango bishiyar sau ɗaya, sunan kuma a jikin wata atamfa mai fararen furanni da ya yi ciniki da ita sosai ya koya. Malam Wali ya tambaya cikin ladabi ko irin wannan bishiya za ta jure ƙasar Kano. Dabo ya ce bishiya hannu take bi ba ƙasa ba, kuma ranar zagaye in ba su tarar da ita da fure ba, kada wanda ya ƙara kiransa Alhaji.

Washegari ya sa farar shadda ya nufi Sabon Gari, inda aka ce masa akwai wata Madam Monica mai sayar da dashen itatuwa da furanni a bayan wata coci. Ya tarar da ita a tsugune cikin layukan baƙaƙen ledoji tana ba su ruwa. Ya gyara hula ya fara da Turanci, ya ce yana son magnoliya, big wan. Monica, wadda a Sabon Gari aka haife ta aka haifi uwarta, ta miƙe ta goge hannu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ga kujera, mu yi da Hausa kada ka wahalar da kanka."

Ashe tana da ita, guda biyu ma, ƙaninta ne ya kawo mata daga Jos don ta gwada. Amma kafin ta nuna masa sai ta fara yi masa tambayoyi kamar likita. Filin nawa ne faɗinsa? Rana daga wane gefe take bugunsa, kuma awa nawa? Akwai katanga ko bututu kusa? Wa zai riƙa kula da ita in ya tafi kasuwa? Dabo ya ce fili ba matsala, a yi sukuwa ma a ciki. Filin da yake nufi shi ne ɗan sararin da ke tsakanin zaurensa da ƙofar cikin gida, wanda in aka shimfiɗa tabarma uku sai ta ukun ta hau bango.

Ta kai shi wata rumfar raga a can ƙarshe. Ta farko 'yar gajeruwa ce a tukunya, ba ta wuce ƙugunsa ba. Monica ta ce ita ce ta gida: ba ta girma sosai, ana iya jan tukunyar a kai ta inuwa, kuma in an yi haƙuri da ita wataƙila ta yi fure nan da shekara biyu. Ta biyun ta fi Dabo tsawo da kamu uku, ganyenta manya masu sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. Wannan, in ji ta, a inda take jin daɗi takan wuce bene, saiwarta tana yawo, kuma tana iya shekara goma ba ta yi fure ba. Ta ƙara da cewa ko wacce ya ɗauka ya sani baƙuwa ce a Kano: tana son sanyi-sanyi, tana son ƙasa mai ɗan tsami mai riƙe danshi, ba ta son a taɓa ƙasar da ke jikin saiwarta. In don fararen furanni da ƙamshi ne, tana da wasu bishiyoyin da suka saba da ranar garin nan, za su yi masa fure bana.

Dabo ya dubi ƙaramar kamar yadda ya dubi darbejiya.

"Madam, in na kai wannan gida ai cewa za a yi tattasai na dasa. Babbar za ki ba ni."

"Alhaji, bishiya ba babbar riga ba ce, da za a ce in ta yi yawa a naɗe hannu."

"Ni na gan ta a garinsu."

"Ita kuma ba ta ga garinku ba."

Ya yi dariyar manya, ya ce wata uku kawai yake buƙata. Monica ta dube shi, ta dubi bishiyar, ta shafa ganyenta ɗaya kamar mai sallama da 'yar da za a kai nesa, ta ce a ɗauko masa.

Ta ba shi shawarar ya nemi a-kori-kura a kwantar da ita. Ya ce adaidaita sahu ya isa. Ya shiga baya ya matse ledar ƙasar a tsakanin gwiwoyinsa, kan bishiyar ya leƙo waje kamar raƙumi a akurki. Direban ya yi ta roƙonsa ya ja ta ciki, shi kuwa yana jin daɗin yadda mutane ke juyowa suna kallo. A Titin Ibrahim Taiwo suka shiga cunkoso, wata mota shaƙe da katifu ta goga ta gefensu, aka ji ƙas. Kan bishiyar, da mafi kyawun ganyenta, ya bi katifu ya tafi. Direba ya yi salati. Dabo ya daɗe yana kallon inda ya karye, sannan ya ce dama a China sai an rage mata kai kafin a dasa, an hutar da shi ne.

Da suka iso layi majalisa ta tashi tsaye. Aka gwada shiga da ita ta zaure, amma zauren Dabo mai kwana ne, bishiya ta ƙi lanƙwasa. Aka yanke a haura da ita ta katanga. Hamzat ya naɗa kansa mai ba da umarni, mutum uku suka ɗaga daga waje, Dabo ya tsaya daga ciki da hannuwa a sama yana jira. Tana kaiwa kan katangar ledar ta kama wani ƙarfe ta yage, rabin ƙasar Jos ta zubo masa a hula da wuya da aljihun farar shadda. Bishiya ta sauko da saiwa tsirara. Daga bayan katanga Hamzat ya tambaya ko a China ma mai ita ake fara dasawa.

Hajiya Yakaka, matarsa, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Babarbariya ce da iyayenta suka zauna Fagge tun kafin a haife ta, kuma shekara ashirin da shida na aure sun koya mata cewa in Alhaji ya ɗauko abu, gardama fetur take ƙara masa. Amma a ɗan filin nan zogalenta uku suke, da hannunta ta dasa su, daga su take tsinkar ganyen miya da na kwaɗo. Da ta ga ya ɗauko gatari sai ta yi magana.

"Alhaji, zogalen nawa fa?"

"Hajiya, ana maganar magnoliya kina maganar kwaɗo."

"Ita ana kwaɗonta?"

"Kallonta ake yi."

"To, Allah ya ƙosar da mu da kallo."

Zogale suka faɗi. Ya ƙi a kira masu haƙa, ya ce ba su san zurfin da ake yi mata ba. Ya tuɓe riga ya kama diga da kansa, kuma a sara na goma sha wani abu ya sami bututun da ya taso daga tankin gidan. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa ƙasar da ke fuskarsa. Kafin a gano inda ake rufewa tanki ya ƙare, fili ya zama fadama, takalman gidan suna iyo zuwa zaure. Yakaka ta ɗage zani ta tsallaka, ta ce ai ga ban ruwan farko ya samu. Kwana uku gidan yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, amma dai magnoliya ta tsaya a tsakiyar fili, an ɗaure ta da sanda.

Daga cikin duk abin da Monica ta faɗa, kalma biyu kawai suka zauna a kan Dabo: tsami da sanyi. Ya fara da ruwan tsamiya. Da ya ga ganye bai ƙara sheƙi ba sai ya matse mata lemun tsami. Da ya tuna cewa shi Bafulatani ne, kuma ba abin da ya kai nono tsami da albarka, sai ya sa mai fura ta riƙa ajiye masa ragowar da ya kwana biyu, yana tuttula mata a gindi kowace safiya. Cikin mako guda ƙudajen Fagge suka san gidan, tururuwa ta yi hanya daga zaure, warin kuma ya tsallaka katanga ya sami Hamzat a kan keken ɗinki. Yakaka ta ce dama an ce Bafulatani ko bishiya ya samu saniya zai mai da ita.

Sanyi kuwa ya fi cin ƙarfinsa. Kullum da azahar yakan bar shago ya biya wajen masu ƙanƙara, ya zo ya jera mata dunƙule biyu a gindi. Ya ɗaure mata lemar da yake zuwa masallaci da ita. Ya fito da fankar falo ya kafa ta a bakin ƙofa tana fuskantar bishiya, in aka ɗauke wuta ya tayar da janareta dominta, mutanen gida suna cikin ɗaki da mafici a hannu. Ga damina ta kankama, ruwan sama yana sauka kan ƙanƙara, ƙanƙara kan nono, gindin bishiya ya zama kamar ƙasan kwata.

Ganye ya fara rawaya. Dabo ya ce tana sabawa da gari ne. Ganye ya koma ruwan ƙasa ya fara zuba. Ya ce canza kaya take yi. Ya hana kowa leƙawa, ya ce a wannan matakin ba ta son ido, ya rataya buhu a ƙofar zaure ta ciki. Amma a majalisa rahoto bai yanke ba. Yau ta yi toho bakwai. Gobe ta fitar da kan fure kamar ƙwan zabo. Jibi ƙamshi ya fara, sai dai hancin da bai saba ba ba zai kama shi ba. Hamzat ya ce lallai hancinsa bai saba ba, domin shi abin da yake ji ya fi kama da bayan kasuwar nono. Malam Wali bai taɓa cewa komai ba sai "Allah ya sa albarka", shi kuwa darbejiyarsa har ta kai ƙirji.

Saura kwana huɗu zagaye, ganye na ƙarshe ya faɗo. Dabo ya tsaya shi kaɗai a gaban sandar yana dubanta, ya kashe fankar da hannunsa. Abin ya taɓa shi fiye da yadda zai yarda, domin wata uku yana tashi da ita yana kwana da tunaninta. Ya karyi ɗan reshe ya sa a aljihu ya koma Sabon Gari.

Monica ta kankare reshen da farce, ta duba, ta miƙa masa. Ta tambayi abin da ya ba ta. Da ya kai kan nono sai ta nemi wuri ta zauna. Ta ce wannan ta riga mu gidan gaskiya tun makonni, ƙaramar kuma wata mata ta ɗauka tuni, tana nan lafiya a barandarta. Ta sake yi masa tayin bishiyoyin da suka san Kano, har ta ce zai iya samun wadda take da fure a kanta yanzu haka. Dabo ya fara auna abin. Sai ya tuna fuskar Hamzat, ya ce a'a, shi magnoliya ya ce.

A hanyarsa ta fita, cikin kasuwar Sabon Gari, ya wuce wani shago na masu kayan ado na biki. Furannin roba ne jere tun daga ƙasa har rufi. Ya wuce, ya tsaya, ya dawo da baya. Akwai manyan farare masu kama da na jikin atamfar nan, sai dai guda tara ne suka rage, shi kuwa ya riga ya gaya wa majalisa sha biyu. Ya cike da jajaye uku na wani irin daban, ya haɗa da damin ganyen roba da ƙullin siririyar waya.

Ranar Juma'a da yamma Yakaka ta tafi barka gidan ƙanwarta, ya sami fili. Ya hau kujera ya yi ta ɗaurawa, waya tana sokar masa yatsu, jajayen ya ɓoye su ta bayan da ke fuskantar bango. Da ya sauko ya ja baya ya duba, sai ya ji har ƙirjinsa ya buɗe, don ko a China bai ga mai kyan wannan ba. Saura ƙamshi. Ya shiga ɗakin Yakaka ya ɗauko kwalbar humrarta, turaren nan na matan Barno da take haɗawa da kanta ba ta ba kowa sirrinsa, ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu, bai tsaya ba sai da kwalba ta yi rabi.

Da ta dawo ta tsaya a filin, ta dubi bishiyar da ta bari sanda ɗazu ta tarar da ita amarya. Ta shaƙi iska sau biyu. Dabo ya shirya amsoshi kala-kala, amma ba ta tambaye shi komai ba. Cewa kawai ta yi mutum nawa za ta yi wa tuwo gobe.

Asabar bayan la'asar aka fara zagaye, hadari yana haɗuwa ta gabas. Aka ga darbejiyar kowa, wata ta yi kyau, wata akuya ta rage mata tsawo. Gidan Dabo aka bari na ƙarshe bisa buƙatarsa, don a nan za a ci abinci a yi zaɓe. Yakaka da masu taya ta suna can ciki sun ɗora tukunyar taro a murhu. Mutum goma sha biyar suka cusa kansu cikin ɗan filin, wasu a zaure suna miƙa wuya. Dabo ya kewaye bishiyar da igiya, ya ce kada a matso, numfashin mutane yana sa furen ya yi baƙi. Ya yaye buhun da ya lulluɓe ta.

Wani ya ce masha Allah, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Har Hamzat bakinsa ya mutu na ɗan lokaci, kuma Dabo bai taɓa jin daɗin wani shiru kamar wannan ba. Ya gyara babbar riga ya fara jawabi a kan haƙuri da ilimi da amfanin tafiye-tafiye.

Hamzat ya fara jan hanci.

"Alhaji, wannan bishiyar ta taɓa zama a Maiduguri?"

"Daga China asalinta, ta biyo ta Jos."

"To a hanya ta yi ƙawa da Barebari. Ƙamshin nan na san shi, in Hajiya za ta biki har shagona yake shigowa."

Dabo ya ce ai Barebari daga jikinta suka kwaikwaya. Wani dogo da ke tsaye ta gefen bango ya ce shi yana hango jajaye a baya, kuma ba su yi kama da fararen ba. Dabo ya ce waɗannan mazan ne. Malam Wali ya sa tabarau, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce abin da ya ba shi sha'awa shi ne duk ƙamshin nan ba ƙudan zuma ko ɗaya, kuma ba ganye ko guda da ya faɗi a gindinta. Dabo ya ce bishiya ce mai tsabta.

Iskar hadari ce ta katse shi. Ta shigo ta kan katanga ta kaɗa bishiyar, ganyen suka yi wata ƙara kamar ana karkaɗe leda. Babban fure ɗaya ya tsinke, ya faɗo kan siminti ya yi ƙwas, ya yi tsalle biyu, ya gangara ya tsaya a ƙafar Malam Wali. Malam ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi. A ƙasansa akwai guntun waya da 'yar takarda manne. Ya karanta a zuciyarsa, ya rufe ta da babban yatsa, ya miƙa wa Dabo furen. Sai dai Hamzat yana bayan kafaɗarsa, kuma Hamzat ya iya karatu.

"Ikon Allah. Bishiyar Alhaji har da lambar wayar shago take fitowa."

Dariyar ba ta gama tashi ba iska ta sake bugowa da ƙarfi, bishiya ta karkata. Dabo ya tsallake igiyarsa ya rungume ta don ya tare, ya ja ta ya miƙar. Saiwar da ta sha nono da ƙanƙara wata uku ba ta da abin riƙewa. Bishiyar ta taso gaba ɗaya a hannunsa, ba nauyi, gindinta baƙi guntu kamar turmin da ya ruɓe. Ya tsaya a tsakiyar mutane riƙe da ita a sama kamar mai tuta, furanni suna ta zubowa kan hularsa.

Nan fa aka rasa mai iya tsayuwa daidai. Wani ya dafa bango, wani ya fita zaure yana tari, dogon nan ya zauna a ƙasa. Malam Wali ya juya baya yana goge tabarau, kafaɗunsa suna rawa. Dabo ya buɗe baki ya ce dama irinta ana ɗagawa a sauya mata wuri, amma ko shi bai kai ƙarshen maganar da ƙarfi ba.

Sai muryar Yakaka ta fito daga bayan labule, a natse, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Ta gaishe da baƙi, ta ba su haƙuri cewa tuwo zai ɗan jinkirta, itacen da ta saya ɗanye ne, ga hadari.

"Alhaji, in ka gama da na hannunka a miƙo min. Na ga ya bushe sosai."

Dabo ya dubi labulen, ya dubi abin da ke hannunsa. Ya zauna a kan kujera ya fara kwance waya, Hamzat ya durƙusa ya taya shi yana jera furannin a gefe, ya ce kada a zubar, zai yi wa shagonsa ado. Aka kakkarya magnoliya gida huɗu aka miƙa ciki.

Ruwa ya sauko, aka koma zaure aka yi zaɓe a tsaye. Malam Wali ya zama shugaba ba hamayya, Dabo ma ya ɗaga masa hannu. Malam ya ce kwamiti yana buƙatar mutum mai himma, domin bai taɓa ganin wanda ya wahalta wa bishiya kamar Alhaji ba, don haka yana so ya zama mataimakinsa. Aka amince, da sharaɗin da Hamzat ya kawo cewa kada a bar shi shi kaɗai da kowace shuka. Batun daina kiransa Alhaji kuwa aka ce a bar shi, tunda Makka dai ya je da gaske, akwai shaidu.

Tuwo ya fito da zafinsa, miyar kuka da man shanu. Aka zauna aka sa hannu, ruwa yana ta ƙara a kan kwanon rufi. Dabo ya yi loma uku a sunkuye. A ta huɗu ya ɗago, ya tauna a hankali, ya lumshe ido.

"Kun ji wani ɗan gardi a tuwon nan?"

Ya ƙara wata lomar, ya gyaɗa kai.

"Hayaƙin ne. Ku ci da kyau, jama'a. Duk faɗin Kano, ku nuna min gidan da aka taɓa tuƙa wa baƙi tuwo da itacen magnoliya."

Hamzat ya tsaya da loma a hannu, ya buɗe baki zai yi magana, ya duba ya ga ba ta inda zai kama shi. Ya kai lomar baki, ya ce a miƙo masa miya.